Yadda ake ɗora hotuna da bayanan tudu da kwari a kan Google Earth da makamantansa

Manhajojin da ke nuna duniya kamar ƙwallo mai juyawa a allon kwamfuta, irin su Google Earth, WorldWind na hukumar NASA da Cesium, suna zuwa ne da hotunansu na tauraron ɗan Adam. Sai dai hotunan ba kullum suke biyan bukata ba: na wani ƙauye ya tsufa, na wata sabuwar unguwa bai fito sosai ba. Shi ya sa masu awon filaye, ma'aikatan magajin gari da ɗaliban labarin ƙasa kan ɗora nasu bayanan. Aikin kashi biyu ne: hoto, wanda ake shimfiɗawa a kan ƙasa kamar tabarma, da bayanan tudu da kwari, waɗanda ke ba ƙasar siffarta.

Ɗora hoto

Wannan shi ne mafi sauƙi. A Google Earth Pro, wanda ya zama kyauta tun shekarar 2015, mai aiki da Faransanci zai shiga "Ajouter", ya zaɓi "Superposition d'image", ya ɗauko hoton, sannan ya ja kusurwoyinsa har hanyoyi da gulabe su hau kan na ƙasa. Ana iya rage kaurin hoton domin a ga abin da ke ƙarƙashinsa. Sakamakon yana ajiyuwa a fayil ɗin KML, ko KMZ idan an dunƙule shi tare da hoton. Kamfanin Keyhole, wanda Google ya saya a 2004, shi ya ƙirƙiro KML, kuma a 2008 ya zama ƙa'idar da manhajoji da yawa ke karantawa.

Jan kusurwa da hannu ya wadatar ga ƙaramin fili. Ga aikin da za a dogara da shi kuwa, ana amfani da GeoTIFF, wato hoton da ke ɗauke da lambobin matsayinsa a cikinsa. Idan tsohuwar taswira ce aka ɗauka daga takarda, sai a fara ɗaure ta da wurare sanannu, kamar mararraba ko gada, a manhajar QGIS, wadda ita ma kyauta ce.

Hotunan kyauta suna samuwa daga Landsat na Amurka, da ke aiki tun 1972, da Sentinel-2 na Turai, da aka fara harbawa a 2015, wanda kowane ɗigo nasa ke ɗaukar mita 10. Amfanin jera tsohon hoto da sabo ya bayyana a Nijar: hotunan sama na Galma, a jahar Tawa, na 1975 da na 2003, suna cikin shaidun da suka nuna yadda manoma suka maido da itatuwa a gonakinsu.

Hoton jirgi maras matuƙi ya fi waɗannan fitowa, amma yana da nauyi, kuma tashin jirgin yana bukatar izinin hukuma. Idan kowane ɗigo santimita 5 ne, murabba'in kilomita ɗaya ya kai ɗigo miliyon 400, sama da gigabait ɗaya kafin a matse shi. Saboda haka ake yayyanka babban hoto zuwa ƙananan fallaye, galibi masu ɗigo 256 a kowane gefe, a jera su hawa-hawa, kowane hawa ya ninka na samansa sau huɗu. Manhajar sai ta jawo fallayen wurin da ake kallo kaɗai, abin da ke sauƙaƙa wa mai raunin intanet.

Ɗora tudu da kwari

Bayanan tsayin ƙasa ba hoto ba ne. Jerin lambobi ne, kowace tana faɗin tsayin wuri ɗaya. Mafi shahara su ne na SRTM, da kumbon Endeavour ya tattara da na'urar radar cikin kwana 11 a watan Fabrairun 2000. An daɗe ana samun na Afirka a tazarar mita 90, sai a 2014 aka saki na mita 30. Daga baya shirin Copernicus na Turai ya fitar da nasa na mita 30, wanda ya fi shi daidaito.

A nan manhajojin suka bambanta. Google Earth na kowa da kowa ba ya barin a musanya masa tudu da kwari. Abin da ake iya yi shi ne a maida bayanan hoto mai launi ko layukan tsayi, a shimfiɗa a kai. WorldWind da Cesium kuwa suna karɓar bayanan mai amfani, bayan an yayyanka su hawa-hawa kamar hoto. QGIS ma yana nuna ƙasa da tudunta da kwarinta tun fitowar kashinsa na 3 a 2018.

Inda ake yawan kuskure

Na farko shi ne tsarin lambobin matsayi. Waɗannan manhajoji suna aiki ne da WGS84, tsarin da GPS ke amfani da shi, alhali taswirorin aiki galibi suna kan tsarin UTM, wanda ya raba Nijar yanki uku: Yamai, Doso da Tawa a yanki na 31, Maraɗi, Damagaram da Agadas a na 32, Difa a na 33. Wanda ya saka yankin da ba shi ba zai tarar da hotonsa ya faɗa ɗaruruwan kilomitoci nesa da wurinsa. Tsofaffin taswirorin zamanin Faransa kuma an zana su ne a kan wani ma'auni na daban, don haka sukan goce idan ba a juya su ba.

Na biyu shi ne daga ina ake ƙirga tsayi. SRTM da Copernicus suna ƙirgawa daga matakin teku, Cesium kuwa daga wata siffar duniya ta lissafi. Bambancin ya kai gomman mitoci a wurare da dama, kuma idan ba a gyara ba, gini yakan nutse cikin ƙasa ko ya rataya a sama.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne yarda da abin da ido ya gani. Ma'aunin da aka ɗora wa SRTM ya yarda da kuskuren tsayi har mita 16, na Copernicus bai kai mita 4 ba, kuma duka biyun suna ƙirgawa har da rufin gidaje da kan itatuwa. A tsaunukan Bagzan, inda ƙololuwa ta haura mita 2,000, wannan ba komai ba ne. Amma a bakin kogin Isa a Yamai, inda ambaliyar 2020 ta shiga unguwanni kamar Lamorde, ko a kwarin Gulbin Maraɗi, mita ɗaya ke raba gidan da ruwa zai ci da wanda zai tsira. Bayanan mita 30 suna nuna inda ruwa ke gangarawa a faɗin jaha. Ba sa iya yanke hukunci a kan fegi guda. Wannan aikin awon ƙasa ne, da alamomin hukumar taswira ta ƙasa, IGNN.

Don haka duk shimfiɗar da aka ɗora ya kamata ta tafi da bayani huɗu: inda aka samo ta, ranar da aka ɗauke ta, girman ɗigonta, da tsarin lambobinta.