Yadda Likitoci Suka Yarda Jiki Na Iya Yaƙar Kansa

A farkon ƙarni na 20, Bajamushen masani Paul Ehrlich ya riƙa ɗura wa awaki jinin wasu awakin. Garkuwar jikin akuya kan farma baƙon jini, amma ba ta taɓa nata ba. Daga nan ya ce jiki na da wata kariya da ke hana shi cutar da kansa. Masanan da suka biyo bayansa suka riƙe maganarsa fiye da yadda ya faɗe ta, har ta zama kamar doka. Ko da wasu masana biyu, Donath da Landsteiner, suka nuna a 1904 cewa akwai majinyatan da garkuwarsu ke farfasa jajayen ƙwayoyin jininsu, kaɗan ne suka saurara.

Masu cutar lupus kuwa suna nan suna shan wuya, galibinsu mata masu shekarun haihuwa: zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, ƙuraje a kumatu, daga bisani ƙoda ta lalace. A 1942 Paul Klemperer ya haɗa lupus da cutar sandarewar fata cikin rukuni guda, don ya ga duk suna cin naman da ke ɗaure sassan jiki. Ya gano inda ɓarnar take, bai gano mai yin ta ba.

Amsar ta ɓullo daga garken shanu. A 1945, Ray Owen na Jami'ar Wisconsin a Amurka ya lura cewa tagwayen maruƙa, waɗanda jininsu ke gauraya tun suna ciki, kowanne na ɗauke da jinin ɗan'uwansa har ya girma, kuma lafiya lau. Wato ba a haifar garkuwa da sanin na gida da baƙo, koyo take yi. Macfarlane Burnet na Ostareliya ya gina hasashe a kan haka a 1949, sannan Peter Medawar da abokan aikinsa suka tabbatar a 1953: ɓeran da aka sa wa ƙwayoyin wani ɓera tun yana ciki, idan ya girma yakan karɓi dashen fatar irin wancan. Burnet da Medawar suka raba kyautar Nobel ta 1960. A ganina an tauye Owen da ba a haɗa da shi ba.

Abin da ake koya kuwa, ana iya kuskure a cikinsa. A 1948 Malcolm Hargraves ya ga farar ƙwayar jini ta haɗiye cibiyar wata ƙwayar a ɓargon masu lupus, alamar da ta zama gwajin farko na cutar. A 1995 Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana wasu ƙwayoyin garkuwa da aikinsu shi ne tsawata wa sauran, binciken da ya ba shi rabo a Nobel ta 2025.

Nijeriya ma ta shiga labarin. A 1968 Brian Greenwood ya ruwaito daga Ibadan cewa cututtukan da garkuwa ke farma jiki ba su da yawa a can, yana zargin maleriya ce ke dakushe su. Daga baya likitocin Legas suka riƙa samun masu lupus da dama. Yarinyar da ke fama da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi wata da watanni ta cancanci a yi mata gwajin jini kafin a sake rubuta mata maganin maleriya.