Hampi: tsohon birnin bautar Hindu a bakin kogin Tungabhadra

Hampi ƙaramin gari ne a jihar Karnataka, kudancin Indiya, a bakin kogin Tungabhadra. Yau ƙauye ne tsakanin manyan duwatsu da gonakin ayaba, amma a da shi ne babban birnin daular Vijayanagara. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihin duniya a 1986. Wurin ya zarce hekta 4,000, da gine-ginen tarihi fiye da 1,600.

An kafa daular a 1336, ta kai ganiyarta a zamanin sarki Krishnadevaraya, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529. Abdur Razzaƙ, jakada daga ƙasar Farisa, ya ziyarci birnin a 1443, ya rubuta labarin ganuwowinsa da kasuwanninsa. A 1565 sarakunan yankin Dekan suka haɗa kai suka ci daular a yaƙin Talikota. Aka washe birnin, mutane suka watse.

Duk da haka ibada ba ta tsaya ba a haikalin Virupaksha, inda mabiya addinin Hindu ke bauta wa Shiva har yanzu. Hasumiyar ƙofarsa ta kai kusan mita 50. Haikalin Vittala kuwa kango ne, an fi saninsa da karusar dutse wadda hotonta ke bayan takardar rupi 50, da ginshiƙan da ke ba da amo idan aka ƙwanƙwasa. An hana taɓa su don kada su lalace.

Birnin ya zauna da Musulmi ma. Sarki Deva Raya na biyu ya ɗauke su cikin rundunarsa, kuma wani hafsansa, Ahmad Khan, ya gina masallaci a 1439, wanda ke tsaye har yau. Gidan giwayen sarki, mai ɗakuna 11 da ƙubbobi, ya haɗa salon ginin Hindu da na Musulunci.

Mazauna Bangalor, mai nisan kusan kilomita 350, sun mai da Hampi wurin hutun ƙarshen mako. Jirgin ƙasa na dare yana kai matafiyi Hospet da safe, daga nan kilomita 13 ne a bas ko keke mai ƙafa uku. Kwana biyu sun isa a ga muhimman wurare. Ranar farko a fara da Virupaksha, a bi gaɓar kogi a ƙasa zuwa Vittala. Rana ta biyu a hau dutsen Matanga da asuba don ganin fitowar rana, sannan a zagaya unguwar fada. Masu sha'awa kan shiga kogi cikin kwale-kwale mai siffar kwando.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne Oktoba zuwa Fabrairu, domin daga Maris zafi yakan tsananta. Ana cire takalmi kafin shiga haikali, ana sa tufafin mutunci, ba a ɗaukar masu ibada hoto sai da izininsu. Gidajen abinci na kusa da haikalin galibi ba su dafa nama.

Kare wurin ya zo da tsada. Daga 1999 zuwa 2006 Hampi na cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, saboda gadojin da aka fara ginawa a kan kogin. A 2011 hukumomi suka rushe shaguna da gidajen da ke tsohuwar kasuwar gaban Virupaksha, iyalai da yawa suka tashi. Shi ya sa baƙi da dama ke kwana a Hospet ko Kamalapur, su shigo da safe.