Ina Za a Je Farautar Zabon Daji?

Mai karatu, in yau aka miƙa maka baka da kwari, aka ce je ka samo zabon daji, wace hanya za ka kama? Ko a Agye kake, ko Gazawa, ko Gidan Runji, fita bayan gari ka duba. Inda gonar wane ta ƙare, nan ta wane ta kama. Haka za ka yi ta tafiya har ka hangi rumbunan wani ƙauye. Kakan kakanka bai san wannan wahala ba. Shi daji ne ya yi masa yawa. Amma ko shi, ba inda ya ga dama yake shiga ba.

Bari mu fara da zabon kansa, don shi ke nuna wa mahalbi hanya. Zabon daji a ƙasa yake kiwo, yana tono, yana cin tsaba da fara da gara. Da dare a bisa itace yake kwana, don gudun dila da muzuru. Da rani yakan yi garke, ya sauka wurin ruwa da safe ko da marece. Da damina garken ya watse, zabuwa ta shiga ciyawa mai duhu ta yi ƙwai a ƙasa. Saboda haka mahalbin da ya san aikinsa ba ya yawo a banza. Yana duba sawu a bakin tabki. Yana duba kashi da gashi a gindin tsamiya ko kanya. Yana duba ƴan ramukan da suka yi birgima a cikin ƙura. In magariba ta yi ya kasa kunne, don zabi ba su hawa itace shiru. Inda babu babban itace, babu ciyawa, babu ruwa, to, babu zabo.

A ƙasarmu wuraren da suka haɗa waɗannan abubuwa su ne gulabe. Gulbin Maraɗi yana fitowa daga Najeriya, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri da ƙasar Gidan Runji, ya sake komawa Najeriya. Gulbin Kaba kuwa yana ratsa ƙasar Gazawa ya yi arewa wajen Mayahi, sannan ya karkata yamma. Ruwansa ba ya gudu kamar na wancan, amma a ƙarƙashin ƙasa ba shi da nisa, shi ya sa goriba ta cika shi.

To, yaya ƙasar take shekara 200 da suka wuce? Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, sarakunan Katsina suka bar birninsu wajen 1807. Suka yo arewa, daga baya suka zauna Maraɗi. Gobirawa kuma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri. Daga nan aka yi shekaru da yawa ana kai wa juna hari tsakaninsu da mutanen Sakkwato da Katsina. Mutane suka taru a garuruwa masu ganuwa ko shinge, yawanci kusa da gulbi. Gonaki suna kewaye da gari, inda in an ji kuwwa za a iya sheƙowa gida. Bayan gonaki sai dawa, tafiyar yini ko fiye, ba kowa. A ciki akwai barewa da gada da mugun dawa da kura, da tuje da fakara, zabi kuwa ba a magana.

Kada ka ce zamanin daɗi ne. Dajin da ya ɓoye barewa, shi ya ɓoye mahara. Wanda ya yi nisa shi kaɗai yana iya faɗawa hannun masu kamun bayi. Don haka mahalbi ba nama kaɗai yake nema ba. Shi ne idon gari. Shi ke ganin sawun dawakin da ba na gida ba. Shi ya san tabkin da ba ya ƙafewa, da hanyar da runduna za ta bi ba a gan ta ba. Jeka ka tambayi tsofaffin garinku wanda ya fara saran wurin. A garuruwa da yawa za a ce maka wani mahalbi ne, ya biyo nama, ya tarar da ruwa, ya kafa bukka.

Akwai kuma wata iyaka wadda ba ta yaƙi ba. A wurin Anna, masu bin al'adar gargajiya, daji yana da masu shi. Mahalba zuriya ce, gado ake yi, suna da shugabansu, suna da asirinsu da dafin kibiyarsu. Kowace shekara da rani ana yin buɗin daji. Manyan Anna su fita, su yi abin da suka gada, su duba yadda shekara za ta kasance. Sai an yi wannan ake sakin farautar gayya, wadda ake fita da karnuka da ƙere da ganga. Wani Bafaranshe mai bincike, Guy Nicolas, ya daɗe a gulbin Maraɗi yana tambayar tsofaffi, ya rubuta wannan al'ada a littafinsa na 1975. Ko ka yarda da iskoki ko ba ka yarda ba, duba amfanin abin. Daji a rufe yake tun damina har bayan kaka. Wato lokacin da zabuwa ke kwanci, ƴan tsaki ke bin uwa, ba a sakar musu karnukan gari guda. A ganina wannan ita ce dokar farauta ta farko a ƙasar nan, tun ba a san takarda ba.

Sai Nasara suka zo. A 1899 rundunar Faransa ta ratsa ƙasar tana ƙone garuruwa, har shugabanninta biyu suka halaka kusa da Maijirgi, ƙasar Tasawa. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi aka kafa alamun iyaka tsakanin ƙasar Faransi da ta Ingilishi. Yaƙin sarakuna ya mutu. Da hari ya ƙare, me zai tsare mutum a cikin ganuwa? Magidanta suka kwashi iyalinsu suka shiga jigawa. A gina rijiya, a yi sassabe, a sa wa wurin sunan mai gida. Duba sunayen garuruwanmu: Gidan wane, Garin wane, Ɗan wane. Da yawansu ƴaƴan wannan zamani ne.

Gyaɗa ta ƙara wa abin gudu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1912, ciniki ya buɗe. Kantunan Turawa suka kafu a Maraɗi suna sayen gyaɗa. Haraji kuma da kuɗi ake biya, kuɗi kuwa a gyaɗa suke. Bayan samun mulkin kai a 1960 aka kafa kamfanin Sonara a 1962, don sayen gyaɗar ƙasa. Kowa ya ƙara gona. Jama'a ta ƙaru. Saurar da ake bari ta huta shekaru, aka daina barinta. To, saura ita ce ɗakin haihuwar zabuwa. Mutane sukan ce bindiga ce ta ƙarar da nama. Bindiga ta yi nata ɓarna, gaskiya ne. Amma gatari da hauya sun fi ta. Bindiga zabo ɗaya take kashewa. Gatari kuwa makwancin garke duka yake kayarwa.

Faransawa su ma sun zo da tasu iyaka. A 1935 suka yi dokar gandun daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. A shekarun 1950 aka keɓe dazuzzuka, aka ce na gwamnati ne. A ƙasar Agye akwai Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado. Can arewa aka keɓe Gadabeji a 1955, hekta 76,000, don namun daji. Mahalbin da ubansa ke neman izini wurin manyan Anna, shi kuma sai ya koma gudun ma'aikacin gandun daji. Dokar ta tsare wasu wurare, ba a musu. Amma ta jawo wani abu. Da manomi ya ga ko itacen da ke cikin gonarsa ana iya cin sa tara a kansa, sai ya daina ɗaukarsa nasa. In ya tsiro, ya tumɓuke shi tun yana ƙarami, ya huta.

Fari na 1973 da 1974 ya tarar da ƙasa a haka. Tabkuna suka ƙafe, itatuwa suka mutu a tsaye. A cikin shekarun nan na 1970 gwamnati ta rufe farauta a ƙasa duka, ta kuma yi shekara 20 da wani abu a rufe. Sai ga yunwar 1984, wadda muke kira El-Buhari. Wanda ba shi da hatsi ya sari itace ya kai kasuwa. Tambayar ina za a je farauta ta zama ba ta da amsa. Doka ta hana, kuma ko ba ta hana ba, wurin zuwa ya yi wuya.

Irin wannan ya taɓa samun wata ƙasa mai nisa. Ka san talo-talo, wanda ake kiwo a gida? Asalinsa tsuntsun daji ne na ƙasar Amurka. Halinsa kamar na zabonmu: kiwo a ƙasa, ƙwai a ƙasa, kwana a bisa itace. Can ma aka sare daji, aka yi ta halbi ba ƙa'ida, har a shekarun 1930 ya ɓace daga jihohi da yawa. Da farko suka gwada kiwonsa a keji suna saki a daji. Bai yi ba. Tsuntsun da ya tashi a keji bai san gudun abokin gaba ba. Abin da ya yi shi ne, itatuwa suka sake tsirowa a tsofaffin gonaki. Daga shekarun 1950 aka riƙa kama na dajin da raga, ana kai su inda daji ya dawo. Aka sa wa farauta lokaci da iyaka. Bayan shekara ta 2000 an ƙiyasta sun kai wajen miliyan 7. Lura da abin da ya fara dawowa: itace.

Mu ma itace ya fara dawo mana. A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aikin itatuwa a jihar Maraɗi, ya lura da cewa kututturan da ke gonaki ba su mutu ba. Saiwarsu tana da rai. In aka bar tofo biyu ko uku aka gyara su, sai su zama itace. Manoma sun san wannan tun da, amma tsoron tara da al'adar share gona ƙal sun sa an bari. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu. Shi ne sassaben zamani. Ƙauyen Ɗan Saga, a gundumar Agye, ya yi suna a kansa, har suka kafa kwamitin da ke tsaron itatuwa daga ɓarayin dare. Dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara wa jama'ar karkara ƙarfi a kan itatuwan ƙasarsu. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na baya sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace ya dawo, yawanci a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Gona mai gawo da kalgo da sabara ba dawa ba ce. Zomo da kurciya da fakara suna iya zama a cikinta. Zabo yana iya samun wurin kwana. Wurin ƙwai ne ke da wuya, don da damina ko'ina an nome, da rani kuma an kwashe kara da ciyawa an kai gida. Ko a Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado, garmani ya cinye wurare da yawa, ya kori ciyawar kirki.

Farauta kuwa an sake buɗe ta, amma da sharaɗi. Dokar ranar 29 ga Afrilu 1998 ta ce sai da takardar izini, kuma sai a lokacin da hukuma ta buɗe. Ta hana farautar dare, da ta wuta, da ta guba, da bin nama a cikin mota. Wurin da aka keɓe wa namun daji, irin Gadabeji, ba a halbi a ciki. Can ne ma aka kai raƙuman dawa 8 daga Kure a 2018, don su sake yaɗuwa. Saboda haka kafin ka saɓa baka ko adaka, biya ta ofishin ma'aikatan gandun daji na gundumarku ka ji abin da ake ciki a shekarar. In kuma cikin gonaki za ka bi, tuna fa itacen da zabo ya kwana a kai yana da mai shi, wanda ya yi shekaru yana renonsa. A yi masa sallama.

Sauran daji mai duhu yana kudu, wajen Babban Rafi da bakin iyaka. Nan kuma tsohon tsoro ya dawo. A 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga, da yawansu suka sauka a ƙasar Gidan Runji. Satar shanu da kamun mutane don kuɗin fansa suka taɓa ƙauyukanmu na bakin iyaka. Wanda ya shiga irin wannan daji da bindiga a kafaɗa, ɓarayi suna iya tare shi, soja kuma suna iya ɗaukarsa ɓarawo. Kada ka doshi can sai ka ji ta bakin mai gari.

Akwai wata farauta da ba ta bukatar baka, kuma tana yi wa zabo illa. Da damina yara masu kiwo sukan tarar da sheƙar zabuwa a gindin sabara, ƙwai goma ko fiye. Sai a kwashe duka a kawo gida, a dafa, ko a sa wa kaza ta kwanta kwana 28. Ƴan tsakin da ta ƙyanƙyashe sun zama na gida ke nan. Garken da za a gani a bakin tabki da rani kuwa, a cikin wannan sheƙa yake.