Shadda, Kwata da Rijiya: Barazanar Naitiret ga Ruwan Sha a Anka, Gummi da Bukkuyum

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ƙazantar gida da ta garke ke tsiyaya cikin rijiyoyi da idanun ruwa a yammacin Zamfara. Matsayarta ita ce tare ƙazanta tun daga tushe ya fi tace ruwa sauƙi da arha.

Gabatarwa

A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Yara kimanin 400 suka rasu. An kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyukan, aikin ya kai ƙauyen Bagega a 2013. Tun daga lokacin, da an ambaci gurɓatar muhalli a yankin sai hankali ya koma kan dalma. Hakan daidai ne, sai dai akwai wata ƙazanta da ke sulalewa cikin rijiya kullum ba a ankara ba.

Hanyar gurɓata

Fitsari da bayan gida da kashin dabbobi da takin zamani irin yuriya duk suna ɗauke da naitirojin. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa kan mayar da shi naitiret, wanda ke narkewa a ruwa, ƙasa kuma ba ta riƙe shi. Ruwan damina sai ya gangara da shi. A gida ɗaya za ka ga shadda a lungu, turken awaki a gefe, kwata na malala ta gindin katanga, rijiya marar murfi kuma 'yan taku kaɗan daga nan, guga yashe cikin caɓi.

Yanayin ƙasa na ƙara tsananta lamarin. A Anka, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kwance ne a ruɓaɓɓen dutse da tsagogin fa, kuma tsaga ba ta tace komai. A fadamun Gulbin Zamfara wajen Gummi, yashi ne, ruwa kuma a kusa yake. Ambaliyar Gummi ta Agustan 2024 ta nuna irin hatsarin, domin ruwan da ya cika shadda shi ne ke malalawa rijiya.

Illa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade miligiram 50 na naitiret a lita ɗaya, haka ma ma'aunin ruwan sha na Najeriya na 2007. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida suka fi shiga haɗari, saboda sinadarin na hana jininsu ɗaukar iskar numfashi, har leɓɓansu su yi shuɗi. Abin da ya fi damun mai wannan nazari shi ne, naitiret ba ya wari, ba ya sauya launin ruwa, tafasawa kuwa ƙara masa kauri take yi. Uwa ta tafasa ruwa don kare ɗanta, amma ba ta tsira ba.

Shawarwari

Ƙa'idar Sphere ta ayyukan jinƙai ta nemi tazarar mita 30 tsakanin shadda da rijiya, gindin rami kuma ya ɗara matakin ruwa da mita 1.5. A cunkushen gari wannan tazara ba ta samuwa gida-gida, don haka sai unguwa ta haɗu ta ware wa rijiyarta wuri a tudu, a ɗaure bakinta da siminti, a janye turke da juji daga gare ta. Muna kira ga majalisun ƙananan hukumomin uku da masarautunsu su riƙa auna naitiret tare da dalma a kowace rijiyar jama'a, da rani da kuma bayan damina, a sanar da masu unguwanni sakamakon.