Ƙaramin ciki a yankin Bengou

Ƙaramin ciki shi ne watanni 3 na farkon goyon ciki, lokacin laulayi: tashin zuciya, amai, kasala, kwaɗayi da yawan fitsari. Zubar jini ko aman da ya hana cin abinci kuwa na buƙatar likita nan take.

A Bengou, cikin gundumar Gaya ta jihar Dosso, ruwan sama ya fi na yawancin Nijar, don haka zazzaɓin cizon sauro ne babban haɗari. Ya kamata mai ciki ta riƙa kwana cikin gidan sauro tun farko. Maganin rigakafin zazzaɓin mai suna SP kuwa sai daga mako na 13.

Nijar ta mayar da awon ciki kyauta a 2006. Hukumar Lafiya ta Duniya na so a fara awo cikin makonni 12 na farko, amma kunya kan sa mata ɓoye ciki har ya fito.