Garin da Hanya ta Raya: Daga Gobarau Zuwa Rufe Layukan Waya a Katsina

Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15 a tsakiyar birnin Katsina, ita ce abin da ya rage na babban masallacin da masana tarihi da dama ke danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15. In an zo zancenta, yawanci gwanintar magina ake yabo, sai kuma a ƙara da cewa wurin ya taɓa zama makarantar da ɗalibai ke zuwa daga nesa. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne dalilin da ya sa ilimi ya taru a Katsina har ya buƙaci irin wannan gini, da dalilin da ya sa daga baya ya watse. Amsar tana kan hanya. Katsina ta yi ƙarfi a duk lokacin da mutane da kaya da labari ke shiga suna fita ba shamaki, ta kuma rame a duk lokacin da aka toshe mata hanya, ko da yaƙi ko da shawarar hukuma. A yau layin waya da intanet sun zama babbar hanyar labari da ciniki, don haka da ma'aunin wannan tarihi ya kamata a auna rufe layukan sadarwa da aka yi a jihar a 2021.

Fasahar sadarwa ta zamanin Gobarau ita ce takarda da tawada da hannun mai kwafi, kuma takardar nan haja ce ta fatauci. Ba a ƙasar Hausa ake yin ta ba. A bayan raƙumi take zuwa, ta Tarabulus da Gadamas da Gat da Agadas, a cikin ayarin da ke ɗauke da tufafi da sauran kayan arewa, kuma a ƙarnonin baya yawancinta daga Italiya ake kawowa. Inda ayari ya bi, nan malami ke bi. Shehu Muhammad ɗan Abdulkarim al-Maghili, mutumin Tilimsan, ya sauka Katsina da Kano a shekarun 1490. Jalaluddin al-Suyuti ya rubuto wasiƙar nasiha daga Masar wadda ta ambaci Sarkin Katsina Ibrahim. Muhammad ɗan Ahmad al-Tazakhti, wanda Katsinawa ke kira Ɗan Takum, ya yi karatu a wurin al-Maghili a Takedda, ya je Alƙahira da Makka, sannan ya zauna Katsina aka naɗa shi alƙali, har ya rasu wajen 1529. Babu ɗayan waɗannan da zai yiwu ba tare da madugu da zango da fatoma ba. Sarki yana karɓar haraji a kan ayari, wani lokaci ya tsananta, amma bai isa ya kashe hanyar ba, domin daga ita baitulmalinsa ke cika. Maslahar mai mulki da ta falke da ta malami a ɗaure suke wuri guda.

Amfanin da wannan haɗuwa ta haifar ya bayyana a ƙarni na 17 da na 18. Zamanin ne na Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, malaman da har yau unguwanni da zuriya ke ɗauke da sunansu. Zamanin ne kuma ya fitar da Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, wanda ya tafi aikin hajji, ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya zauna Alƙahira yana koyarwa, ya rasu can a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Mutumin da ya tashi a bakin Sahara ya isa birnin Azhar a matsayin malami. Wannan shaida ce cewa littattafai suna isowa Katsina da yawa, kuma ana kwafe su ana karantawa.

Yankewar hanya ta farko ta zo ne bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. A 1807 Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin, sarakunan Haɓe suka yi arewa, inda daga bisani suka kafa mulki a Maraɗi. Daga nan aka shiga yaƙe-yaƙe na kusan ƙarni guda tsakanin Katsina da Maraɗi da Gobirawan Tsibiri, kuma fagen yaƙin shi ne daidai ƙasar da ayarin arewa ke ratsawa. Fatake suka karkata zuwa Kano. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shiga Katsina a 1851, ya tarar da ganuwa mai faɗin gaske amma cikinta kusan fili, ya ƙiyasta mazauna ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, a birnin da shi kansa ya ce shi ne kan gaba a ciniki a wannan yanki a ƙarnoni biyun da suka gabata. Abin lura shi ne, waɗanda suka karɓi mulki malamai ne, almajiran Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mutanen da suka fi kowa rubutu. Ba ƙin ilimi ne ya raunana Katsina ba. Hanya ce ta mutu, kasuwa ta bi ta, tsangaya ta bi kasuwa. A cikin ƙarni na 19 ne aka daina juma'a a Gobarau, ginin ya zube, sai hasumiyar da aka gyara a zamanin Sarki Muhammadu Dikko.

Yankewa ta biyu da alƙalami aka yi ta. Turawan Ingila da na Faransa suka ja iyaka tsakanin Katsina da Maraɗi, sannan layin dogo daga kudu ya isa Kano a 1911 ya bar birnin Katsina a gefe. Cinikin Sahara ya durƙushe, gyaɗa da auduga da fata suka koma bin jirgin ƙasa zuwa teku. Haka kuma gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi boko a kan ajami a makarantunta da ofisoshinta, sai ga dubban masu iya karatu da rubutu an wayi gari ana lissafa su cikin jahilai. Sarki Dikko ya gane inda duniya ta dosa, ya rungumi mota da hanyoyinta, ya je Ingila a 1921, kuma a garinsa aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam. To amma tun da hukuma ce ta kawo kwalejin, ita ce kuma ta ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, sannan Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina, a Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Sai a watan Fabrairun 2021, shekara 110 bayan jirgi ya isa Kano, aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Katsina da Jibiya da Maraɗi.

Wayar salula ce hanya ta farko a tarihin garin da talaka ya hau ba tare da ya bi ta fada ko ofis ba. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisi kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a Agustan shekarar MTN da Econet suka fara aiki, a ƙasar da layukan NITEL ba su kai rabin miliyan ba. Cikin shekara ashirin rayuwar kasuwa ta sauya. Mai sayen hatsi a Dandume yana jin farashin kasuwar Dawanau kafin ya ɗaure buhu. Dillalin shanu a Mai'aduwa ba sai ya ɗauki kuɗi a jaka ba, alat yake jira. Rashin wutar lantarki ya haifi sana'ar cajin waya, nisan banki ya haifi masu POS, ga masu gyara, ga masu tura fim da wa'azi. Tafsirin azumi da karatun littattafan da aka taɓa kwafewa da hannu yanzu a WhatsApp da Facebook suke yawo. Sai dai wannan hanya tana da raunin da ta raƙumi ba ta da shi. Ayari yana da zango da yawa, in an tare nan ya ɓulla can. Layin waya kuwa makullinsa a hannun kamfanoni ƙalilan yake, lasisinsu kuma a hannun gwamnati, wasiƙa ɗaya ta isa ta rufe shi.

Wasiƙar ta zo a farkon Satumbar 2021, lokacin da NCC ta umurci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin Zamfara. Ba a jima ba aka faɗaɗa matakin zuwa ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa, Dandume da Funtuwa. Gwamnatin jihar ta Aminu Bello Masari ta riga ta hana cinikin dabbobi a wasu kasuwanni da sayar da mai a jarka, ta kuma hana sana'ar cajin waya a yankunan da abin ya shafa. A daidai lokacin Twitter ma a rufe yake a ƙasar baki ɗaya, tun Yunin 2021 har Janairun 2022. Wato shekarar da aka fara gyara kuskuren 1911 ita ce shekarar da aka yanke hanyar da mutane suka fi dogara da ita. Sai wajen ƙarshen shekara aka fara maido da sabis.

Hujjar gwamnati ba ta wasa ba ce, kuma wanda ya raina ta bai san halin da ake ciki ba. A Disambar 2020 an kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Da waya 'yan bindiga ke cinikin kuɗin fansa, da ita infoma ke sanar da su motsin jami'an tsaro. Mai mulkin da ake kashe masa talakawa kullum dole ya gwada wani abu. Amma a duba wanda matakin ya fi kamawa. Ɗan bindiga yana da babur da kuɗi, yana iya hawa tudu ko ya matsa bakin iyaka ya kama sabis ɗin Nijar, har an ba da rahoton cewa a gabashin Sakkwato sun koma aika wa ƙauyuka wasiƙu da hannu. Manomin da aka shigo wa gari cikin dare shi ne ya rasa yadda zai kira soja ko ya faɗakar da ƙauyen gaba, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Bayan an maido da layi hare-hare ba su tsaya ba, har sai da jihar ta kafa rundunar tsaron al'umma tata a 2023. Matakin da ya kama kowa don a sami mutum ɗari jifa ne a cikin kasuwa.

Wani zai ce ana wuce gona da iri in aka kwatanta watanni uku na rashin sabis da yaƙin ƙarni guda, kuma abin da ke yawo a waya, ƙarya da batsa da zage-zage, bai cancanci a haɗa shi da karatun Gobarau ba. Game da tsawon lokaci, fataken ƙarni na 19 ma ba a rana ɗaya suka bar Katsina ba. Abin da ke korar ɗan kasuwa shi ne rashin tabbas, kuma wanda ya ga an kashe masa sana'a da sanarwa ɗaya zai yi tunani kafin ya sake zuba jari a Batsari. Game da abin da hanya ke ɗauka kuwa, ta dā ma ba tsarkakakkiya ba ce. Ayarin da ya kawo littattafan fiƙihu shi ne ya koma arewa da bayi. Takardar da aka rubuta tafsiri a kai, a kanta aka rubuta tsibbu. Malaman jihadi sun yi ta sukar miyagun malamai, amma maganin da suka yi shi ne ƙarin rubutu, da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ba su hana takarda shigowa ba.

Su ma kamfanonin waya ba su fita daga zargi ba. Sun bi umurnin rufewa ba tare da wata jayayya da jama'a suka gani ba, kamar yadda suka hana layuka sama da miliyan 70 kira a Afrilun 2022 saboda ba a haɗa su da lambar ɗan ƙasa ba. Amma da zancen ya zo kan kuɗinsu sun matsa har NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farashin kira da data a Janairun 2025. A nan ne babban bambanci da zamanin Korau yake. Sarkin dā in ya kashe hanya shi ne farkon wanda zai ji yunwa. Yau kuɗin lasisi Abuja suke tafiya, riba ta tafi wurin masu hannun jari, kuma asarar ƙananan hukumomi 13 ba ta girgiza lissafin kowa daga cikinsu. Mai riƙe da makulli ba shi ne ke biyan kuɗin rufewa ba.

Tun da maslaha ba ta ƙara ɗaure hannun mai mulki, dole doka ta ɗaure shi. Kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa rufe intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa wa haƙƙin jama'a, ta kuma yanke irin wannan hukunci a Yulin 2022 kan rufe Twitter a Najeriya. Dokar Sadarwa ta 2003 ta ba hukuma ikon ɗaukar matakan gaggawa, amma iko irin wannan yana buƙatar iyaka bayyananna: umurni a rubuce wanda kowa zai iya karantawa, wa'adi na kwanaki, amincewar majalisa kafin a sabunta, layin neman agaji da ba za a kashe ba, da rahoto bayan an gama wanda zai faɗi abin da aka samu da abin da aka rasa. 'Yan majalisar da ke wakiltar Jibiya da Safana da Faskari, a Katsina da Abuja, su ne suka fi kowa hujjar gabatar da wannan ƙuduri, domin mazaɓunsu ne aka yi gwajin a kansu, kuma su za a fara waiwaya in an sake tunanin yi.