Aikin Sa-kai da Adana Tarihin Ta'asa a Kudancin Kano

Gidajen tarihin da aka keɓe domin tunawa da kisan ƙare-dangi sun yawaita ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, musamman da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haramta wannan laifi a ranar 9 ga Disamba, 1948. Na birnin Washinton, wanda ya shafi kisan Yahudawa a Turai, an buɗe shi a 1993. Na Kigali kuwa, a unguwar Gisozi, an buɗe shi a 2004, kuma a harabarsa aka binne mutum sama da 250,000 daga cikin waɗanda aka kashe a Ruwanda a 1994. Ƙarfin waɗannan gidaje ya fi dogara ga mutane fiye da gini. A Washinton, tsofaffin da suka tsira da ransu kan zo aikin sa-kai, su zauna su amsa tambayoyin ɗalibai. A Kigali ma da yawa daga cikin masu zagayawa da baƙi abin ya ci danginsu.

Ƙasar Hausa ba ta da gidan da aka ware wa wannan aiki. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano sun fi ba da ƙarfi ga sarauta da sana'o'i da kayan gargajiya. Ana ganin takobi da sulke, amma ba a cika jin labarin wanda takobin ya sara ba. Wannan giɓi ya fi fitowa fili a kudancin Kano, inda Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suke, domin yanki ne na bakin iyaka, kuma mutanen iyaka su ne yaƙi kan fara taɓawa.

A ƙarshen Janairun 1903 rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta taso daga Zariya za ta Kano. Garin da ya fara tare ta shi ne Bebeji, a ranar 1 ga Fabrairu. Mutanen garin suka ƙi buɗe ƙofa, aka harbe ta da igwa, sarkin garin da wasu mutanensa suka rasu a wurin. Kwana biyu bayan haka Kano ta faɗi, lokacin Sarki Alu ba ya gari. A yawancin littattafai, Bebeji ba ta wuce layi biyu ko uku a kan hanyar zuwa babban labari. Su wane ne suka tsaya a bayan wannan ƙofa, ina aka binne su, wane hali iyalansu suka shiga? Rahoton Gwamna Lugga bai damu da waɗannan tambayoyi ba. Amsarsu, in akwai saura, tana bakin jikoki da tattaɓa-kunne.

Kafin zuwan Turawa, yankin ya sha fama da harin Ningawa. Tun bayan da Malam Hamza ya bar Tsakuwa ya koma duwatsun Ningi wajen 1846, magadansa irin su Ɗan Maje da Haruna da Ɗan Yaya suka riƙa kai hari kudancin masarautar, suna kame mutane. Abin da ya sa garuruwa irin Tudun Wadan Ɗankadai suka zama sansanin tsaro ke nan. Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen: dakarun Kano ma sun kai hari kan al'ummomin duwatsu, kuma waɗanda aka kamo sun ƙare a kasuwa ko a gandayen sarakuna. Gidan tarihin da zai lissafa mutanensa da aka kwashe, ya yi shiru kan waɗanda aka kwaso, fadanci yake yi, ba ilimantarwa ba.

Ba kowace ta'asa ce kisan ƙare-dangi ba. Yarjejeniyar 1948 ta gindaya sharaɗin niyyar shafe wata al'umma, duka ko wani ɓangare nata, saboda ƙabila ko launi ko addini ko ƙasa. Abin da ya faru a Bebeji mamaya ce, harin Ningawa kuwa yaƙin iyaka ne da neman bayi. Waɗanda suka fi kusa da wancan ma'auni su ne ɓarnar rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine a Birnin Ƙonni a 1899, da rushe Satiru kusa da Sakkwato a Maris 1906, inda aka kashe kimanin mutum 2,000, aka hana sake zama a garin. Dole mai aikin sa-kai ya san wannan bambanci, domin ƙarin gishiri shi ke ba mai musu ƙofar ƙaryata gaskiyar baki ɗaya.

Akwai misalin yadda ake wannan aiki, kuma daga maƙwabta ya fito. Tsakanin 1949 da 1950, Mary Smith ta zauna a Giwa da wata tsohuwa, Baba, wadda ta tashi a Karo kusa da Zarewa, ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi a 1954. A ciki ne ake ganin yadda ake sace mata a hanya, da yadda dangi ke haɗa wuri su fanso nasu. Ba don wannan zama ba, da duk ya bi ta kabari. Haka Adell Patton ya dogara da hira da dattawa wajen rubuta tarihin Ningi a shekarun 1970.

A yau ɗalibin sakandare ko malamin firamare ko na tsangaya zai iya irin wannan da wayar hannu. Zai fara da gaida dagaci ya nemi izini, ya zauna a zaure da dattijo, ya shiga cikin gida wurin tsofaffin mata, ya naɗi magana, ya rubuta ranar hira da wanda mai labarin ya ji daga bakinsa. Zai ɗauki hoton ragowar ganuwa da kufai kafin masu haƙar ƙasa su cinye su, ya kwafi takardun ajami a bar wa masu su asalin, sa'annan ya gwada abin da ya ji da takardun Gidan Arewa da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa a Kaduna.

Aikin yana da hatsarinsa. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewacin Nijeriya, kuma har yanzu gorin asali na iya ɓata neman aure. Saboda haka bai halatta a fitar da sunan wani gida ba sai da yardar masu gidan, kuma ba a tono domin ramuwa ko siyasa. Mutanen Ningi da na Kano yau surukan juna ne kuma abokan ciniki, tilas abin da aka baje ya zama wanda dukansu za su iya tsayawa a gabansa.

Ba sai an jira katafaren gini ba. Ɗaki guda a harabar hakimi ko a wata makaranta ya isa a fara, in Masarautar Rano da ta Ƙaraye da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano suka ba da goyon baya, sashen tarihi na Jami'ar Bayero kuma ya horar da matasan. Waɗanda suka ga 1903 da idonsu duk sun rasu, waɗanda suka ji daga bakinsu kuwa sun tsufa. Ya kamata a fara hira da su tun a wannan rani.